Gobero: Lokacin da Ake Su a Tsakiyar Sahara

Idan aka ce maka a hamadar Tenere ta Nijar, inda yau ko ciyawa da ƙyar za ka gani, mutane sun taɓa kama giwan ruwa, wataƙila ka ce tatsuniya ce. To, ƙasusuwan Gobero sun tabbatar da haka.

A shekarar 2000, tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta shiga yankin tana neman ƙasusuwan dainoso. Sai ga ƙasusuwan mutane a fili, iska ta yaye yashin da ya rufe su. Da aka dawo haƙa, an gano kaburbura kusan 200, ga ƙasusuwan dorina, kada, kunkuru da manyan kifaye. Wato mutanen nan a bakin tafki suka rayu.

Daga ina ruwan ya zo? Yadda duniya ke karkata yayin zagaya rana yana sauyawa sannu a hankali cikin dubban shekaru. A wancan zamani, sauyin ya ƙara wa damina ƙarfi, har ruwan sama ya riƙa kaiwa can arewa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, al'umma biyu ne suka binne matattunsu a wuri guda. Ta farko, da masana ke kira Kiffiya, ta zauna daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya. Dogaye ne, suna kamun kifi da masun ƙashi. Sai fari ya zo, tafkin ya ƙafe, wurin ya zama kufai na kimanin shekara 1,000. Da ruwa ya dawo wajen 5200, sai wasu mutanen, Teneriya, suka zo. A cikinsu aka samu kabarin wata mata da yara biyu, hannuwansu a sarƙe. Garin furen da aka gano a ƙarƙashinsu ya nuna alamar an shimfiɗa musu furanni. Wajen 2500 kafin Miladiyya, hamada ta sake cinye wurin.

Ka ga ke nan, ruwa ne ya kawo su, rashinsa ya kore su, har sau biyu. Kuma iskar da ta tona mana su ita ce ke cinye su: ƙashin da ya fito fili yana rududdugewa, ya tafi da labarin mai shi kafin a rubuta.