Taba Ta Bambanta Da Garin Gero: Tarihin Wani Ganye A Ƙasar Adar

Kalmar taba ta zauna daram a bakin Bahaushe, har ta shiga karin magana, shi ya sa da yawa daga cikin ɗalibaina a nan Barmu suke ɗauka tare da gero da dawa muka gaje ta. Alhali baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma Turawa ba su san ta ba sai a 1492, lokacin da mutanen Kolombus suka sauka a tsibirin Kuba suka tarar da mazauna wurin suna naɗe busasshen ganye suna kunna masa wuta suna zuƙa. A wajen 1560 jakadan Faransa a Fotugal, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa, kuma daga sunansa aka samo sunan nikotin, sinadarin da ke kama mashayi ya hana shi bari.

Wancan naɗaɗɗen ganye na Kuba shi ne kakan tabar ƙasaita da Faransawa ke kira sigar, wadda ake ganin attajirai da ita a hotunan Facebook. Kashi uku gare ta: ganyen ciki, ganyen da ke ɗaure shi, da rigar waje. Mai baƙar riga ita ake kira maduro, wato nunanna a harshen Sifaniyanci. Ana tara ganyen tuli guda a bar shi ya yi gumi, zafin cikinsa ya tashi, ana juyawa tsawon watanni har launinsa ya koma baƙi-baƙi, kaifinsa ya ragu. Masu ɗanɗanonta sukan shinshina ta kafin a kunna, su matsa ta su ji ko naɗin ya yi daidai, su duba tokar, sannan su raba shanta gida uku suna faɗin abin da harshe ya ji: kofi, koko, barkono. Mafi shahara ita ce ta yankin Vuelta Abajo a yammacin Kuba.

Da na fara karanta wannan bayani, dattawan kasuwanninmu na tuna. Ba yau Ba'adare ya iya tantance taba ba. Mai saye yakan ɗauki ganye ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya dubi duhunsa, ya ɗan sa a baki, nan take ya faɗa maka ko ta fadama ce mai ƙarfi ko ta tudu ce mai sanyi. Wani ya daka ta da kanwa ta zama taba gari, wani ya cusa a lofe, Buzaye su tauna ta da toka. Mata kuwa furenta suke goga wa haƙora tare da goro don ado.

Ƙasa da shekara ɗari da ashirin bayan Kolombus, ganyen ya riga ya tada gardama tsakanin malamanmu. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda aka haifa a 1556 ya rasu a 1627, yana ƙasar Maroko inda aka kai shi bayan rundunar Sarki Mansur ta rushe daular Songhai a 1591, ya rubuta risala a 1607 yana mai ganin halaccin shanta, tunda ba ta gusar da hankali kamar giya. Wasu malaman zamaninsa suka ƙi, suka ce bidi'a ce da almubazzaranci. A ƙarni na 19 daular Hamdallahi ta Masina ta haramta ta ɗungurungum. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya isa Timbuktu a 1853, ya tarar hanin yana aiki, yayin da mai masaukinsa Shehu Ahmad al-Bakkay bai yarda da shi ba. Abin lura, kafin Barth ya kama hanyar yamma sai da ya sayi taba a Katsina, domin ya san tabar Katsina tana da daraja har can. Ke nan a lokacin ƙasar Hausa mai fitar da taba ce.

Zuwan mulkin mallaka ya juya kasuwar. Sigarin kamfani, mai kwali da tambari, ya zama alamar wayewa ga soja da ma'aikaci, daga baya ga ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan. Manomin taba na kwarin Maggiya ya rage da tsofaffin masu ciniki. Daga baya kuma kwaltar da ta bi ta Tawa da Abalak zuwa Agadas ta zama hanyar manyan motocin sigari da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, wanda mai yawa daga cikinsa ake tsallakawa da shi Libiya da Aljeriya ta bayan fage. Sunan wannan fatauci ya kai har aka yi wa Mokhtar Belmokhtar laƙabi da Marlboro. Ribar ta wuce ta gabanmu, tarin ya tsaya a ƙirazanmu.

Ahmad Baba ya yi hukunci da ilimin da ke hannunsa. Sai a shekarun 1950 likitoci suka tabbatar da alaƙar sigari da sankarar huhu, kuma yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba na kashe sama da mutum miliyan 7 kowace shekara. Mai baƙar riga ba ta kuɓuta ba, ta taunawa ma haka, domin dukkansu suna jawo sankarar baki da maƙogwaro. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma yi dokarta a watan Mayu na 2006, wadda ta hana talla da sayar wa yara.

Amma ni da nake tsayawa gaban allo na san inda dokar ke tsayawa. Mai tebur yana sayar da kara ɗaiɗai, kuɗin da bai fi na alewa ba, kuma babba ne ke aiken yaro ya sayo masa, har ya ce ya kunno ta a hanya. Yaron da ya saba kunno wa yayansa, wata rana kansa zai kunna wa. Kakanninmu da suka ce taba ta bambanta da garin gero sun san ɗaya ana rayuwa da shi, ɗayar ana iya rayuwa ba ita. Abin da nake roƙon iyaye da 'yan'uwana malaman lakkol kaɗan ne: mu daina aiken yara sayen sigari, kuma mu nemi masu tebur su janye shi daga bakin makarantu.