Inshorar motoci da babura: Abin da ta ƙunsa da wanda take biya

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero da Jega da Maiyama, ta nufi Koko da Yawuri, tana cikin hanyoyin da suka fi hada-hada a jihar Kebbi.

A kanta ne manyan motocin da ke kai albasar Aliero kudancin Najeriya suke gogayya da motocin haya da baburan 'yan kabu-kabu, musamman a mahaɗar Jega, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu.

Doka ta wajabta wa dukkansu yin inshora. Sai dai da yawa suna ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa jami'ai a shingen bincike, alhali kuwa yarjejeniya ce da kan ɗauke wa mutum diyyar da ta fi ƙarfinsa.

Yadda take aiki

Masu ababen hawa da dama ne ke biyan kuɗi kaɗan ga kamfani a kowace shekara, shi kuma ya biya asarar 'yan ƙalilan ɗin da haɗari ya rutsa da su.

Inshorar ababen hawa iri biyu ce aka fi sani. Ta farko ita ce ta mutum na uku, wadda ita ce ta dole. Mai abin hawa shi ne na farko, kamfani na biyu, na uku kuwa shi ne duk wanda aka kaɗe, ko aka lalata wa dukiya.

Wannan inshora wanda aka yi wa ɓarna take biya. Gyaran motar mai inshorar kuwa yana wuyansa.

Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa haƙƙin mutum na uku da lalacewar abin hawan mai ita, da sata, da gobara.

Abin da doka ta ce

Tun a shekarar 1945, zamanin Turawan mulkin mallaka, aka kafa dokar da ta wajabta inshorar mutum na uku a Najeriya. A 1997 aka kafa hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM.

A watan Agustan 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003, ta kuma bar wajabcin yana nan daram.

Kafin nan, daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ta soma tilasta bin dokar a faɗin ƙasar.

Nawa ake biya?

A farashin da NAICOM ta tsayar daga ranar 1 ga Janairun 2023, kuɗin motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, iyakar diyyar dukiya kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3.

An yanka wa babur Naira 3,000 da iyakar miliyan 1, keke mai ƙafa uku Naira 5,000 da iyakar miliyan 2, babbar motar haya ta ɗaukar kaya kuwa Naira 100,000 da iyakar miliyan 5.

Kuɗin cikakkiyar inshora ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan.

Ma'anar iyaka ita ce: idan direban motar gida ya yi wa motar wani ɓarnar miliyan 4, kamfani zai biya miliyan 3, shi kuma ya cika ragowar.

Wannan iyaka dai ta dukiya ce. Rauni da rasa rai lissafinsu dabam ne, kuma nan ne inshorar ta fi amfani.

Aliero ta yi suna wajen masu ɗori, inda ake kai waɗanda suka karye daga sassa masu nisa. Mai karaya kan shafe makonni yana jinya ba ya neman na kansa, kuma sau da yawa direba ko ɗan kabu-kabun da ya kaɗe shi ne ake kallo ya ɗauki nauyi, har ta kai shi ga sayar da abin sana'arsa.

Takardun jabu

Babbar matsalar da ke addabar harkar ita ce takardun jabu, waɗanda 'yan kayi-na-yi ke sayarwa da arha a kusa da ofisoshin lasisi da tashoshin mota.

Irin wannan takarda takan yi kama da ta gaske, amma babu kamfanin da ke bayanta, don haka ranar da aka yi haɗari babu mai biya.

Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai a intanet mai suna NIID, inda mutum zai sanya lambar motarsa ko babur ɗinsa ya ga ko inshorarsa ta gaskiya ce, da ranar da za ta ƙare.

Ko da takardar ta gaskiya ce, kamfani kan iya ja da baya idan direba ba shi da lasisi, ko an yi wa abin hawa inshorar amfanin gida alhali haya ake yi da shi.

Idan haɗari ya auku

Bayan an kai masu rauni asibiti, a sanar da 'yan sanda ko jami'an hukumar kiyaye haɗurra, a ɗauki hotuna, a rubuta sunayen shaidu, sannan a shaida wa kamfani ba da ɓata lokaci ba.

A adana rasit na magani da takardar likita, domin kamfani da hujja a rubuce yake aiki. Wanda ya zaɓi ɗorin gargajiya zai fi samun sauƙin karɓar haƙƙinsa idan ya fara zuwa asibiti aka ɗauki hoton ƙashin.

Sulhun da aka saba yi a gaban dattawa ko shugabannin tasha yana da kyau, amma wanda ya ɗauki alkawarin biya ba da sanin kamfani ba yana iya rasa abin da za a mayar masa.

Idan kamfani ya ƙi biya ba bisa hujja ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke.

Inshora da Musulunci

Wasu Musulmi na ƙaurace wa inshora saboda shubuhar riba da garari, wato rashin tabbas a ciniki.

A shekarar 1985 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta.

Wannan ita ake kira takaful. Mahalarta kan zuba kuɗi a asusu guda da niyyar taimako, kamfani ya karɓi ladan kula da shi, idan an samu rara kuma a raba musu.

Malamai kan kafa hujja da tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisa bisa kuskure ke haɗuwa su biya diyya.

A Sudan aka kafa kamfanin takaful na farko a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful suka samu lasisi a 2016.

Takardar takaful ta abin hawa tana cika sharaɗin doka daidai da ta sauran kamfanoni, kuma ita ma ana iya tantance ta da lambar mota ko babur.