Yadda ake nemo kalmomin Turanci a wasan Scrabble

Scrabble wasa ne na haɗa kalmomi, wanda Ba'amurke Alfred Butts ya ƙirƙiro a 1938. Ɗan wasa yakan riƙe haruffa bakwai, kuma idan ya yi amfani da su duka lokaci guda, yana samun ƙarin maki 50.

Shi ya sa ƙwararru ke haddace kalmomi rukuni-rukuni gwargwadon tsawonsu, suna jera haruffan kowace kalma bisa tsarin abacada. Misali, jerin AEINRST yana ba da RETAINS, NASTIER da RETINAS. Da zarar ɗan wasa ya jera haruffansa haka, sai kalmar ta faɗo masa.

Nijeriya ta yi fice a wasan. A 2015, Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe gasar duniya, a birnin Perth na Ostireliya.