Ɗakin Baƙo a Langa

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Cape Town ya kama babbar hanyar N2 zuwa cikin gari, kafin ya iso bakin teku sai ya ratsa ta gefen Nyanga da Gugulethu da Langa, unguwannin da mafi yawan mazaunansu ke magana da harshen Xhosa. Akasarin baƙi ta gilashin mota suke ganinsu. Amma tun ƙarshen shekarun 1990 wasu na tsayawa, har su kwana, a gidajen da mata suka ware ɗaki ɗaya ko biyu domin haya. A kasuwar yawon buɗe ido ta birnin wannan ƙaramar sana'a ce. Nauyinta yana bayyana ne idan aka tuna cewa shekaru arba'in da suka wuce, kwanan ita kanta mai gidan a wannan wuri yana iya zama laifi.

An buɗe Langa a 1927, bisa dokar 1923 wadda ta keɓe wa baƙar fata wuraren zama a birane. Mutanen farko daga Ndabeni aka kwaso su, inda aka jibge su tun 1901 da hujjar annoba. Da kallon gine-ginen za a gane nufin masu tsarin: dogayen barikokin leburori, gado kan gado, na maza zalla. Birnin ƙarfin namiji yake so. Matarsa da 'ya'yansa kuwa su zauna can ƙauye a Transkei ko Ciskei, tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Bayan 1948, da wariyar launin fata ta zama manufar gwamnati, sai aka ƙara ɗaure igiyar. Daga 1952 baƙar fata ba shi da ikon wuce awa 72 a birni sai da izini. A tsakiyar shekarun 1950 aka fito da wata manufa ta musamman ga yammacin lardin Cape, wadda ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata fifita waɗanda aka sanya a rukunin ruwa-biyu, kuma a daidai lokacin aka fara ɗora wa mata takardar fas. Mata kusan 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria ranar 9 ga Agusta 1956, amma ba a janye ba. Matar da ta biyo mijinta ba takarda, hatimi ɗaya ya isa a mayar da ita ƙauye. Wadda mijinta ya rasu tana iya rasa gidan da ta yi shekaru a ciki.

Ga abin da ya fi jan hankalina: har saukar da baƙo sai da hukuma ta sa wa ido. Wanda zai zauna a gidan wani sai an yanka masa takardar izini, 'yan sanda kuma kan kai samame cikin dare suna ƙirga kawuna. Bature ma ba ya shiga unguwar sai da izini.

Duk da haka mata ba su bar birnin ba. Wasu sun yi aikatau a gidajen Turawa, inda suka ƙware a gyaran gado da guga da haɗa karin kumallo irin na masu gida. Wasu sun dafa umqombothi, giyar gargajiya ta masara da dawa, suna sayarwa a ɓoye a falonsu. Ko me mutum zai ce game da wannan sana'a, ita ta koya wa mata da yawa riƙe kuɗi da kula da cincirindon mutane a ɗaki ɗaya. A Crossroads, wadda ta tsiro a 1975, mata ne suka fi tsayawa gaban masu rusau. Gwamnati ta sanar da kafa Khayelitsha a 1983, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar gari, da niyyar tattara kowa can. Ma'anar sunan ita ce sabon gida. A 1986 aka soke dokokin fas.

Da aka yi zaɓen 1994 baƙi suka yi ta kwarara, kuma takardar manufar yawon buɗe ido ta 1996 ta yi alkawarin shigar da waɗanda aka ware a baya. Sai dai abin da ya fara bunƙasa shi ne zagaye da mota: kamfani a cikin gari ya karɓi kuɗi, a ratsa unguwa cikin awa biyu ko uku, a ɗauki hotunan ɗakunan kwano da yara, a koma otal kafin magariba. Mazauna sun sha kokawa cewa kallonsu ake zuwa yi kamar namun daji, kuma ba su yi ƙarya ba.

Masaukan mata amsa ce ga wannan, ko da ba kowace ta ɗauke shi haka ba. Wata dai kuɗin makarantar 'ya'yanta take nema. Jarin kaɗan ne: ɗaki, zanen gado mai tsabta, tukunya. Wani masauki a Site C na Khayelitsha, na kwano da katako, ya yi suna har ƙasashen waje da laƙabin otal mafi ƙanƙanta a Afirka ta Kudu. Baƙon da ya kwana zai ci umngqusho, wato surfaffiyar masara da wake, a tebur ɗaya da iyalin gida. Kuɗinsa kuma yakan ratsa hannuwa da dama: maƙwabciyar da ta karɓi ragowar baƙi, matashin da ya yi musu jagora, mai suyar nama a bakin titi, ƙungiyar mawaƙan coci. Mafi muhimmanci, mai gida ce ke zaɓar abin da za a nuna da wanda za a rufe, ita ce kuma ke ba da labarin.

Kada a ɗauka hanyar ta miƙe. Gabanin gasar cin kofin duniya ta 2010 mata da dama sun gyara ɗakuna, wasu da bashi, amma yawancin 'yan kallo a otal-otal na cikin gari suka sauka. Labarin fashi guda ɗaya a jarida kan kori baƙi na watanni. Har yau kamfanonin cikin gari ne suka fi riƙe da hanyar da baƙo ke bi, kuma rufe iyakokin ƙasar a 2020 saboda korona ya bar ɗakunan wayam. Akwai kuma tambayar da ni kaina ban gama warware ta ba: idan talauci ne ke jawo baƙon, me zai faru da masaukin ranar da aka shimfiɗa kwalta aka gina bene?

A Langa, tsohon ofishin fas da kotunsa, inda ake yanke wa mutane hukunci cikin 'yan mintoci, yanzu gidan tarihi ne, kusa da cibiyar al'adu ta Guga S'thebe. Daga masaukan unguwar da ƙafa ake zuwa, kuma nan ake yawan fara kai baƙo da safe bayan an sha shayi.