Hunturu da shan gas a manyan motocin hanyar Kazaure

Direbobin tirela da tifa masu bin titin Kano zuwa Daura, ta Kazaure da yankin 'Yankwashi, sun daɗe suna cewa mota ta fi shan gas daga Disamba zuwa Fabrairu. Akwai gaskiya a maganar, sai dai laifin da ake ɗora wa sanyi ya fi wanda ya aikata.

A Kanada ko Rasha, idan ma'aunin zafi ya yi ƙasa da sifili, kakin da ke cikin gas yakan daskare ya toshe matatar mai. Shi ya sa ake gauraya shi da kananzir, wanda ƙarfinsa bai kai na gas ba, lita ta rage tafiya. Wannan bai shafe mu ba. Asubar Janairu a Karkarna ko Babura takan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14, kuma gas ba ya daskarewa a nan.

Abin da sanyinmu ke taɓawa shi ne iska. Iskar digiri 12 ta fi ta digiri 40, irin ta watan Afrilu, nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, kuma tirela sai ta keta ta kafin ta wuce. Ga shi hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, don haka mai nufar Daura ko Kwangwalam da lodi ta gaba da gefe yake bugunsa, mai dawowa Kano kuwa tura shi ake yi. Taya ma takan rage tauri da asuba, ta ƙara jan ƙasa. Amma wannan iska mai sanyi ita injin gas ya fi so wajen ƙona mai, kuma hazo kan tilasta wa direba rage gudu, sai asarar ta ragu.

A ganina babbar ɓarnar tana tasha da gareji. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 90. Makanikai da yawa kuwa sukan cire na'urar da ke tare ruwan lagireto har injin ya ɗumama, wai ƙasarmu ta zafi ce. Da bazara ba a lura. Da hunturu ruwa yana zagayawa tun daga tayarwa, baƙin mai ya daɗe da kauri, gas ya riƙa fita ta salansa farin hayaƙi bai gama ƙonewa ba. Sai a nemi gyara da wani kuskuren: yaron mota ya tayar da motar tun kiran assalatu, ya tafi teburin mai shayi, ta yi ta ruri ita kaɗai. Babbar mota a tsaye tana shan kusan lita 3 a awa, alhali injin gas ba ya ɗumama sosai sai yana jan kaya. Tun da litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, wannan shayin ya yi tsada.

Sai ƙura, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Motar da ta shiga hanyoyin burji na Roni da Gwiwa ɗaukar gero ko riɗi tana haɗa ƙurar sama da ta ƙasa. Idan matatar iska ta cushe, tsohon injin mai famfon gargajiya ba ya rage man da yake fesawa, sai baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara taka totur. Bugun matatar da ake yi a jikin taya don kakkaɓe ta yakan fasa takardar, ƙura ta samu hanyar shiga cikin injin, ta ci zobban fistin, shan mai ya zarce har damina.