Ma'aunin Waƙa A Hannun Malaman Zango

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, tun da ya ke muna murnar zagayowar ranar da aka kafa wannan masallaci namu, ya kamata mu tuna da wani ilmi da magabatanmu suka shigo da shi ƙasar nan tare da fatauci, watau ilmin auna waƙa, wanda a ke kira aruli.

Asalinsa daga Basra ne, ta ƙasar Iraƙi. Can ne Halilu ɗan Ahmadu, cikin ƙarni na 2 na Hijira, ya bi waƙoƙin Larabawa ya auna su, ya fitar da bahari 15, daga baya Ahfashu ya ƙara na 16. Sunayen gaɓoɓin kuwa daga tantin Larabawa aka ɗebo su: baiti ɗaki ne, sababi igiya, watadi turke. Kamar yadda tanti ba ya tsayuwa sai da igiya da turke, haka baiti ba ya tsayuwa sai gaɓoɓinsa sun cika. Sautin da ke komowa a ƙarshen kowane baiti shi ne ƙafiya, da Hausa amsa-amo.

Mu dai kunnenmu ya san wannan ma'auni tun muna yara, ta hanyar Ishiriniya da Burda. Alfazazi, mutumin Andalus, wanda ya rasu shekara ta 627 ta Hijira, shi ya tsara Ishiriniya a kan baharin ɗawili, kowane harafi baiti 20. Sa'an nan Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, watau ya ɗora ɗango uku bisa kowane baiti mai ɗango biyu, ta zama ƙwar biyar. Burda ta Busiri kuwa basiɗi ce, ƙafiyarta mimi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fulatanci da Hausa bisa wannan tsari. Da fataken goro suka riƙa bin hanyar Gwanja daga Kano zuwa Salaga, malamai suka biyo su da littattafansu cikin gafaka. Cikinsu babu kamar Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga. Bayan yaƙin Salaga na 1892, da jama'a suka watse, ya koma Kete Karachi, ya zama limami, can Allah ya karɓi ransa a 1934. Allah ya ji ƙansa. Ya yi waƙar zuwan Nasara, ya kuma yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya jera halin matalauci daura da na mawadaci. Haɗa abu da kishiyarsa haka shi ne malaman balaga ke kira ɗibaƙi. Kamanta abu da wani abu tashbihi ne, in kuwa aka aro sunan wani abu aka sa wa wani, kamar a kira jarumi zaki, isti'ara ke nan.

Akwai kuma ramzi. Malami ya kan ɓoye shekarar da ya gama waƙa cikin kalma guda a ƙarshenta, ta lissafin haruffa. A lissafinmu na Magariba shinun 1000 ne, ra 200, fa 80, saboda haka kalmar sharafu ta ba da 1280. Mutanen Gabas kuwa shinun 300 ne a wurinsu. Wanda bai san wannan bambanci ba sai ya ɓatar da shekarar waƙa da ɗaruruwa.

To, jama'a, tun cikin shekarun 1960 masanan Jami'ar Legon suka zaga garuruwanmu suna ɗaukar hoton takardun malamai. Amma da yawa suna nan cikin adaka a gidajenmu, gara na ci, magada ba su iya karanta su. Wanda ya san aruli shi ke gane inda mai kwafa ya tsallake harafi, domin baitin ya kan karye, shi ne kuma zai ɗora shi. Muna roƙon kowane mai irin waɗannan takardu ya kawo su zauren masallaci a karanta, a kwafa, a mayar masa da abinsa, almajirai kuma su zauna su koya. Allah ya sa mu dace. Wassalamu.