Yadda Makarantun Wariya Suka Zama Kayan Tarihi a Amurka

A shekarar 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba farare da baƙaƙen fata a wuraren jama'a, bisa sharaɗin a yi wa kowa daidai. Sharaɗin bai wuce takarda ba. A jihohin kudu mafi yawan kuɗin ilimi makarantun farare ya nufa, 'ya'yan baƙaƙe kuwa suna karatu a cikin coci-coci da rumfunan da ke yoyo da damina.

Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee ta Alabama, wanda aka haifa cikin bauta, shi ya nemi hannun Julius Rosenwald, attajirin Bayahude mai jan ragamar kamfanin Sears. A 1912 suka amince a fara da ƙananan makarantu shida a ƙauyukan Alabama. Kafin shirin ya ƙare a 1932, an gina kusan 5,000 a jihohi 15.

Rosenwald ba ya biyan kuɗin gini duka, sai jama'ar gari sun kawo nasu, hukuma ma ta sa hannu. Talakawan da ke noma gonakin wasu suka sayar da kaji, suka soya kifi don tara kuɗi, wani ya ba da fili, wani katako, wani ƙarfin damtsensa. Gudummawarsu ta kai kimanin dala miliyan 4.7, ta ɗara abin da asusun attajirin ya bayar. Da yake ƙauyukan ba wutar lantarki, an jera dogayen tagogi suna fuskantar gabas ko yamma don hasken rana ya wadaci aji. A irin waɗannan azuzuwa Maya Angelou da John Lewis suka yi karatu.

Da kotu ta haramta wariya a makarantu a 1954, sannu a hankali aka rufe yawancinsu. Dubban malamai baƙaƙe suka rasa aiki, gine-ginen suka koma ma'ajiyar ciyawa ko kufai. Tsofaffin ɗalibai ne suka ƙi bari a manta. Suka kafa ƙungiyoyi, suka tattaro hotuna da tsofaffin bencina, suka matsa a yi wa makarantunsu rajista cikin wuraren tarihi. A 2002 ƙungiyar kare kayan tarihi ta ƙasar ta sa makarantun Rosenwald cikin jerin wuraren da ke gab da ɓacewa. Yau makarantar Ridgeley ta Maryland gidan tarihi ce. Haka ma makarantar Moton ta Virginia, wadda ba ta cikin shirin, inda Barbara Johns, 'yar shekara 16, ta jagoranci yajin ɗalibai a 1951.

Akwai masu ganin rushe su ya fi, tunda zalunci ne ya haife su. Amma in aka rushe, shaidar zaluncin ta tafi, haka ma shaidar gumin iyayen da suka biya haraji, suka sake biya daga aljihunsu don 'ya'yansu su iya karatu.